Safar Hannu da Hurar da Na Ƙi Sha

Ko tsufa zai ci ni har in riƙa tambayar jikokina sunayensu, akwai wata Laraba a ƙasar Kurfai ta Nijar da na tabbata ba za ta fita daga kaina ba. Shekaru sun ja, na yi aiki a asibitoci da dama tun daga lokacin, na kuma ga abubuwan da suka fi wannan tayar da hankali. Amma wallahi har yau in ranar ta faɗo mini a rai, ko ni kaɗai ce a ɗaki sai na ji kunya ta rufe ni.

Ni ’yar Zariya ce, ma’aikaciyar jinya. Lokacin ga ƙuruciya ga ji da kai, sai na ji wata ƙungiyar agaji tana neman masu aikin sa-kai da za su je Nijar na wata tara, su taimaka wajen kula da yara masu tamowa. Na ba da sunana ban yi shawara da kowa ba, sai da aka ɗauke ni sannan na faɗa a gida. Mahaifiyata ta ce ke da ko Kaduna kika je kwana biyu sai cikinki ya ɓaci, ina ga wata ƙasa? Na ce mata ai can ma Hausa ake yi, gero ake ci, babu abin da zai same ni. Haka aka sauke ni a garin Filinge na ƙasar Kurfai da akwatina da bakina.

An haɗa ni da wani ƙaramin gidan likita, kamar yadda suke kiran asibiti a can. Babban ma’aikacin wurin, wanda kowa ke ce wa majo, dattijo ne ɗan ƙasar, mai sanyin magana har takan ba ni haushi. Kowace rana da ƙauyen da muke zuwa. Mu rataya sikeli a reshen itace, mu auna yara, mu zagaya musu zare mai launi a damtse, mu danna ƙafafunsu mu ga ko sun kumbura. Wanda zaren ya nuna ja ko rawaya a ba shi abincin gyaɗa na leda da zai kai shi mako guda, mako na zagayowa a sake auna shi. Aikin ke nan, kuma in yaro ya tsallake mako biyu ko uku, duk abin da aka gina sai ya zube.

Ban cika wata guda ba cikina ya fara. Da farko na ɗauka sauyin ruwa ne, don ruwan rijiyoyin wajen yana da ɗanɗanon kanwa-kanwa, na ce da na saba zai wuce. Ina! Sai in yi kwana huɗu lafiya lau har in fara cika baki, rana ta biyar in tashi cikina na murɗawa kamar ana matse wanki, in yi ta sintiri tsakanin ɗaki da bayi. Ana cikin haka hannuwana suka bi sahu. Wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso mini tsakanin yatsu da bayan hannu, ga ƙaiƙayi kamar in yage fatar in huta. Da safe sukan lafa saboda man da na shafa na kwana da shi. Da rana ta take, gumi ya jiƙa su, sai su fashe su riƙa tsattsafar da ruwa. Tsorona shi ne kada ya zama ƙazuwa ce in shafa wa ’ya’yan mutane.

Ban faɗa wa kowa ba, kuma dalilai biyu ne. Na ji ana cewa duk wanda ciwo ya zaunar ana tura shi Yamai, daga can kuma sau da yawa gida ake mayar da shi, ni kuwa da in koma Zariya da wata biyu gara a ce mini komai. Na biyun ya fi muni. Ni ce mai tsayawa gaban mata da muryata rau-rau ina musu wa’azin wanke hannu da tafasa ruwa. Da wane bakin zan ce musu likitar tasu zawo take yi?

Sai na tsara rayuwata a kan ciwon, na kuma ƙware. Ruwa sai wanda na tafasa da hannuna na zuba a gora. Abinci farar shinkafa da busasshen burodi, sai ruwan gishiri da sukari da nake kaɗawa a ɓoye. A mota kullum ni ce a bakin ƙofa, kuma duk wani kurmin sabara da ke kan hanyoyinmu na san shi, don da na ce zan kama ruwa direba ya san ya tsaya. Siket-siket ɗina suka yi mini yawa, na riƙa kama su da fil. In an ce na rame sai in ce zafin ƙasarku ne, a yi dariya a wuce.

Ƙauyen da muke zuwa ran Laraba unguwa biyu ne. Ta farko tana bakin hanya, inda masallaci yake. Ta biyu tana bayan rijiya, ita ce tsohuwar unguwa, kuma mutanenta da yawa suna riƙe da addinin kakanni da borinsu, su ne ake ce wa anna. Duk dangin juna ne, gonakinsu iyaka ɗaya, suna zuwa bikin suna da jana’izar juna. Amma akwai abin da baƙo ba ya gani: mutanen tsohuwar unguwa sun daɗe suna jin ana ce musu ƙazamai, musamman daga bakin baƙi masu zuwa da ilimi.

Da yake mota a bakin hanya take fara tsayawa, da unguwar masallaci muke farawa da sanyin safiya. A lokacin hannuwana da dama-dama, sai in ɗauki yara haka nan. Matar liman ta kawo shayi yana tururi, in karɓa in shanye har in nemi ƙari, don na san abin da ya tafasa ba zai cuce ni ba. Bayan azahar mu ƙetara tsohuwar unguwa. Kafin nan hannuwan sun fashe, sai in zaro safar roba in sa. Su kuma al’adarsu ba a fara magana da baƙo sai ya sha hura, wato furarmu, ko da ludayi ɗaya ne. A kawo ta cikin ƙwarya, an dama da nono da ruwan randa mai sanyi, ni kuwa ina ganinta nake ganin abin da zai biyo baya. Sai in ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. In mun gama awo in tuɓe safar a bayan mota, in wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, suna hange na daga nesa. Mako bayan mako haka nake yi, kuma ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na kalli abin da idonsu ba.

A cikin yaran tsohuwar unguwa akwai wata yarinya ’yar shekara ɗaya da ’yan watanni da na fi sa wa ido. Ranar da na fara auna ta zaren ya shige cikin ja sosai. Kakarta ce ke goya ta, don uwar tana da tsohon ciki. Kakar nan doguwar tsohuwa ce mai kaifin ido, ita ke riƙe da borin gidansu, kuma in ta yi magana a unguwar mata ba sa tsallakewa. Yarinyar ta fara karɓar abincin, zaren ya fara matsowa wajen rawaya, har ta soma kama mini ɗankwali in na sunkuya. Sai wata Laraba ba a kawo ta ba, matan ma rabi suka zo. Laraba ta biyu mata uku. Ta uku muka shimfiɗa tabarma a gindin itacen, muka rataya sikeli, na sa safata, babu ko mutum ɗaya.

Na hau faɗa. Na ce wa majo ai dama na sani, jahilci ne, sun koma wa borinsu, mu muna ƙona kanmu a rana su ko a jikinsu. Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce yana da gwaggo a unguwar, bari ya leƙa ya gaishe ta. Ya ɗan jima ya dawo, ya zauna a gefen tabarma, ya cire hularsa ya riƙe.

“Madam,” ya ce, “ba bori ba ne. Cewa suka yi ƙyamarsu kike.”

Na ce ni? Ni da na baro ƙasata saboda su? Sai ya jero mini abin kamar yadda aka jero masa: shayin gidan liman da hurar da ba na sha, hannu tsirara da safe, safa da yamma, da wankin sabulu har gwiwar hannu. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya faɗa. Ya ce shi ya daɗe da sanin ba ni da lafiya, ba makaho ba ne, amma ciwon nawa ne, ba shi zai tona ba. Ya kuma ce gwaggonsa ta faɗa masa yarinyar nan ta koma baya ƙwarai.

Na tashi na nufi gidan kakar yarinyar, ban ma san me zan ce ba. Majo ya tsaya waje wurin maza. Na yi sallama na shiga, mata biyu da ke daka suka dakata da taɓare a hannu. Tsohuwar tana zaune a inuwar wata ’yar bukka, yarinyar a cinyarta. Gashinta ya yi ja ya tsinke, wuyan ya zama siriri, ƙafafun kuma sun cika suna ƙyalli. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa gaisuwar kaf, gida, aiki, gajiya, rana, ba ta rage ko ɗaya ba. Amma ba a kawo ƙwarya ba, kuma tunda na zo ƙasar ban taɓa shiga gida aka bar ni ko ruwa babu ba sai ranar.

Na ce, Inna, na zo ne saboda yarinyar. Ba ta kalli fuskata ba, hannuwana ta kalla.

“Kin zo da rigar hannunki,” ta ce. “Gidan liman da hannu tsirara kike ɗaukar ɗiya. Mu sai kin sa ma hannu riga. Mun gane, ɗiyata. Mu anna na, ƙazamai na. To ki bar muna ɗiyanmu, mu da munka haihe su ba mu ƙyamassu.”

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi shiga ta. Sai kawai na kama bakin safar na fara ja. Ta manne da fatar saboda ruwan ƙurajen, sai da na cije leɓe na yage ta. Na miƙa mata hannuwan biyu. Sun yi jajur, sun tsattsage, wani wurin har da jini. Matan suka ajiye taɓare suka matso, ɗaya ta ce wayyo. Na ce mata wannan nake ɓoyewa, tsoro nake kada in shafa wa yaran, kuma da safe ba haka suke ba, zafin rana ne ke tayar da su. Ta kama wuyan hannuna da nata hannun, ta juya shi, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce to, hannu ta gani, hura fa?

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, sai ga ni ina inda-inda, wai cikina ne ba ya so. Ta ce hurarsu ce ba ya so ke nan. Na buɗe baki zan yi bayani, sai cikin da kansa ya karɓi maganar. Ya murɗa irin murɗawar da na sani sarai, wadda ba ta ba mutum ko minti biyu. Gumi ya keto mini. Mota tana can nesa, ba zan kai ba. A gaban matar da ta gama gaya mini ina ƙyamarta, na ce, “Inna, don Allah ina makewayi?”

Wata surukarta ta fahimta kafin kowa, ta suri buta ta ja ni da gudu bayan rumbu. Abin da ya raba ni da tsakar gidan danga ce ta kara, ita kuwa dangar kara ido kaɗai take tarewa. Ba sai na yi bayani ba, duk wanda ke gidan ya ji halin da nake ciki, kuma na daɗe. Ina tsugune a wurin ina roƙon Allah ƙasa ta buɗe in shige. Da na fito, gidan tsit kamar an yi mutuwa. Na dawo na durƙusa inda na tashi, kaina a ƙasa.

Sai na ji tsohuwar ta fara wani irin ƙugi a maƙogwaro. Kafin in ɗago ta fashe da dariya har da tari, tana cewa, “Aradu, likita na zawo!” Matan suka ɗauka gaba ɗaya. Ni ma na yi dariyar, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce ya kusa wata huɗu, kuma duk abin da bai tafasa ba in na sha haka yake yi mini. Sai dariyar ta tsaya mata. Ta dubi yarinyar, ta sa babban yatsa ta danna bayan ƙafarta kamar yadda ta saba ganin ina yi. Ta ɗaga yatsan, ramin ya zauna bai ciko ba. Ta ce a ɗauko mata zanen goyo.

A motarmu muka kawo su babban asibitin Filinge da la’asar ɗin nan, aka kwantar da yarinyar. Kwanakin farko ba a ba mu tabbacin komai ba. Ni kuma a hanya na zayyana wa majo komai, bayan kwana biyu aka tura ni Yamai. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar atini ce ta zauna mini a hanji, aka ɗora ni a kan magani. Hannuwan kuwa ba ƙazuwa ba ce, ba ma ciwon da ake ɗauka ba ne. Fatata ce ba ta jituwa da sabulun aiki da ruwan maganin da muke wanke hannu, kuma likitan ya ce safar robar da nake dafa su a ciki tana cikin abin da ke ƙara rura su. Wato duk wahalar nan da na sha, kare yara nake yi daga abin da ba zai taɓa kama su ba. Ba a kuma mayar da ni gida ba, kwana biyar aka ce in huta in koma bakin aiki.

Kada in yi muku ƙarya, ban warke sarai ba. Cikin ya riƙa tafiya yana dawowa har na gama wata tarana, hannuwan ma sai da na dawo Zariya da daɗewa suka daina tashi. Abin da ya canza shi ne kowa ya sani. A tsohuwar unguwa suka daina kawo mini hura, sai kunu mai zafi da za a sauke a gabana, wani lokaci da dafaffen ganyen sabara wai maganin ciki ne. Nakan sha, ko ya yi aiki ko bai yi ba Allah masani. In na tashi tsakiyar awo ba mai tambaya, sai dai wata ta miƙo buta tana ƙunshe dariya. Matan suka dawo da yaransu, har da waɗanda ban taɓa gani ba.

Amma kafin duk wannan, ranar da na dawo daga Yamai na wuce asibiti kai-tsaye. Na tarar kumburin ya fara saɓewa, tsohuwar tana ba yarinyar madara da ƙaramin kofi, tana karɓa a hankali. Na zauna a bakin gadon. Ta tambayi jikina, na ce da sauƙi. Ta ce ita ma zuciya ta ɗebe ta, bai kamata ta riƙe yarinyar a gida ba, wannan nata ne kuma ta ɗauka. Har na fara jin sanyi a raina, sai ta ajiye kofin ta dube ni.

“Ke kuma, ɗiyata, da wagga ɗiya ta mutu, mi za ki ce ma uwatta? Kunya kika ji?”

Yarinyar ta rayu, an sallame ta bayan mako biyu da wani abu. Amma har na bar ƙasar ba ta fara tafiya ba, alhali sa’o’inta suna gudu a tsakar gida. A matsayina na ma’aikaciyar jinya na san abubuwa da yawa kan jawo haka. A matsayina na ni kaina, makonni ukun nan a wuyana nake jin su.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ciwon da na ɗauka na ɓoye bai ɓoyu ba. Mutane suna ganin duk abin da nake yi, dalilin ne kaɗai na hana su, sai suka nemo nasu, kuma daga inda aka saba yi musu rauni suka ɗauko shi. Tun daga lokacin, in wani abu zai sa in ƙi cin abincin mutum, ko in ƙi ba shi hannu, ko in ja da baya daga gadonsa, nakan faɗa masa dalili tun kafin ya tambaya, komai munin dalilin. Kunyar faɗa ba ta wuce minti ɗaya, ni kaɗai kuma take ci. Wadda na riƙe wata huɗu kuwa, ’yar mutane ce ta kusa tafiya a kanta.